Asirin da Aka Rufa wa Baffa

Daga wurin Allah muka zo, kuma can ake kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon kiran ya faɗo kan Baffana, ƙanin mahaifina. Da hantsi ya cika a gidanmu na gado da ke Ƙofar Ran, kafin la'asar har an kai shi makwancinsa. Ina tsakiyar aji aka bugo mini waya. Kafin keke ya kawo ni daga Gwallameji an riga an yi masa sutura, ban samu ganin fuskarsa ba.

Tsakar gida ta cika da mata. Addu'ar da aka saba ce ake yi, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, amma na lura da wani ƙari da kowace take liƙawa a ƙarshe, tana sassauta murya: "Allah dai ya rufa asiri duniya da lahira." Wata maƙwabciyarmu ta kama hannuna ta ce, "Ai Malam ya yi ƙoƙari. Ɗan'uwa ke nan." Malam ɗin mahaifina take nufi. Goggo, ƙanwarsu, ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Mutumin kirki ne, wallahi. Kowa dai da tasa jarrabawar." Na ɗauka ciwon da ya yi jinya take nufi, na ce haka ne.

Washegari maigidana ya kira ni soro, fuskarsa ba daɗi. Ya ce wani mutumin kudu, mai shagon kayan asibiti, ya zo gaisuwa. Mutumin ya cire takalmi ya zauna a tabarma cikin dattawa, idonsa jajir, ya ce:

"Kai, Baba mutum mai kyau ne. Shekara da shekara shi kwastoma na. Kowane wata shi zo, shi ɗauka galan ɗaya. Ko ba shi da lafiya shi aiko mai keke. Shi gaya mini in wannan abu ya ƙare, shi ma ya ƙare."

Maigidana ya ce wani ya yi istigfari a hankali. Baba, mahaifina, ya katse mutumin da cewa, "Mun gode, mun gode, Allah ya ba da lada," bawan Allah ya tashi yana ganin ya yabi mamaci.

Na ratsa mata na nufi ɗakin Baffa na can ƙurya, wanda kullum yake a kulle. Na tarar da shi a buɗe, an share, an sa turaren wuta. Katakan da ke jere a bango daga ƙasa har sama babu komai a kansu sai shatin gindin kwalabe. Goggo ta biyo ni ta turo ƙofa.

"Babanki ne ya gyara," in ji ta. "Tun kafin a yi masa wanka ya zare mabuɗin daga aljihunsa. Shi kaɗai ya shiga, bai bar kowa ya taya shi ba. Ya kwashe kwalaben nan kaf a buhu ya zuba a shadda, har da galan ɗin. Ke dai ki yi shiru, an rufa masa asiri."

Na zauna a ƙasa. Kukan da ban yi ba jiya, a nan na yi shi.

Baffa bai taɓa shan giya ba. Abin da ke cikin galan ɗin sifirit ne, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, kuma abin da ke cikin kwalaben aikin rayuwarsa ne: ƙananan ƙwari da ya tara tun yana saurayi, ya jiƙa su a sifirit don kada su ruɓe. Sun tafi, ba mai fito da su. Abin da ya rage shi ne sunansa, kuma unguwa ta binne shi a matsayin mashayi, wansa na jini kuma yana kan gaba a masu wannan zato. Shi ya sa nake wannan rubutu, raina a ɓace.

A gidanmu kowa babbar riga ce da carbi. Baba malamin zaure ne, kakanmu ma haka. Baffa kaɗai aka kai boko, ya yi karatun ƙwari, ya ƙare ƙuruciyarsa a gonakin binciken noma nesa da gida, sai salla-salla ake ganinsa. Da ya yi ritaya ya dawo da matarsa, wadda muke kira Inna, da akwatuna masu ƙarar kwalabe. Allah bai ba su haihuwa ba. Har ya tsufa bai daina cusa riga cikin wando ba, don haka yaran unguwa suka sa masa Baffa Zanzaro. Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake, "Sunan ya dace ta fuska biyu. Ni da zanzaro ai sana'armu ɗaya, bin tsutsa."

Ban san shi da kyau ba sai da na fara koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Wata rana darasin ƙwari ya cushe mini, na je wurinsa. Na durƙusa na ce, "Baffa, kun wuni lafiya?" Ya waiga bayansa ya ce, "Ni da wa? Malama, ƙidaya aikina ce, kuma ni ɗaya ne a ɗakin nan." Daga ranar ban sake ce masa ku ba, shi kuma bai sake kirana da wani suna ba sai Malama.

Ya tambaye ni dangin zanzaro nawa na sani. Na ce zanzaro mai gina ɗakin laka a bango, sai rina mai harbi. Ya girgiza kai.

"Hausa ta tsaya a biyu, ta gaji. Waɗannan manyan gida ne kawai, su ake gani. Talakawan dangin sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya taɓa ce musu sannu."

Ya ɗauko wata kwalbar da aka rufe bakinta da ƙyalle, cike da waken da ƙwari suka huda. Ya nuna mini wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna tsalle a jikin gilashin, ba su kai ƙwayar riɗi ba. Da ni ce da na ce datti ne. Ya sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ce in leƙa. Na leƙa na yi salati. Jikinta kore ne shar yana walƙiya kamar sabon kwano, ga idanu ja, ga fukafukai kamar an saƙa su, ga ƙugun nan a tsuke irin na zanzaro sak.

Ya ce wannan ba ta harbin mutum, ba ta gina ɗaki. Tana bin ƙwayar wake tana ƙwanƙwasawa har ta gane wadda tsutsar ƙwaron wake ke ciki, sai ta soka tsinkenta ta ajiye ƙwai a jikin tsutsar. Ɗanta ya ƙyanƙyashe ya cinye tsutsar, ya fito ta ramin da mai gidan ya so ya fita. Akwai wata da ta fi ta ƙanƙanta, ita a cikin ƙwan ƙwaron take yin nata ƙwan, ɗanta ya girma har ya yi fukafukai bai fita daga ƙwai ɗaya ba. Akwai masu bin tsutsar zangarniyar gero, akwai masu bin ta cikin karan dawa. Akwai ma waɗanda ba ruwansu da tsutsar, jira suke wata ta ajiye ɗanta su zo su ajiye nasu a kansa. Su yake kira 'yan kwanta-kwanta, yana faɗa yana dariya har da tari.

Yadda yake rarrabe su kuwa, sai ka ce tsohuwa tana warware zumunci a gidan biki. Ya ƙirga gaɓoɓin ƙahon, ya dubi jijiyar fiffike inda ta lanƙwasa, ya dubi kaurin cinyar baya. Sai ya ce, "Wannan da waccan 'ya'yan wa da ƙani ne. Wancan kuwa kama ce kawai, ba su haɗa kaka ba." Yakan wuni a kan ƙwaro ɗaya. In ya rasa gidan da zai sa shi, ba ya tilasta masa, sai ya ajiye shi a katakon sama inda yake tara waɗanda yake kira baƙi. A cikin kowace kwalba akwai 'yar takarda da ya rubuta da fensir: inda ya kama, a kan wace shuka, a wane wata, daga jikin wa ta fito. Yakan ce ƙwaron da ba a san inda aka kama shi ba ƙura ne kawai. Littattafan da ya yi ta rubutu a ciki suna nan, Baba bai taɓa su ba, amma lambobi ne da ke nuni ga kwalaben da babu su.

Rigimarsa da Inna guda ce, ta robobi. Ƙwarin nan suna son launin ruwan ɗorawa, don haka duk robar da ke da wannan launi a gidan sai ta ɓace. Ya zuba ruwan sabulu a ciki ya jera a gona, su faɗa. Inna ta sha fitowa daga madafa tana cewa, "Malam, ina robar da nake wanke shinkafa?" Shi kuma ya ce, "Tana Inkil, tana aikin gwamnati." Daga baya ta daina sayen ruwan ɗorawa, ta koma shuɗi da ja. Ya ce wannan zagon ƙasa ne.

Na bi shi gonakin Inkil da ke bayan gari ba sau ɗaya ba, ranakun da babu makaranta. Yana gaba da ragar da ya ɗinka da tsohon gidan sauro, yana kaɗa ta a kan ciyawa, ina baya da jakar kwalabe. Ya san wurin kamar tsakar gidansu. Zai ce wannan iri a gefen fadama kawai ake samunsa, wancan sai an hau tudu, wannan kuma ba ya fitowa sai wake ya fara fure. Akwai wata gona a gindin dutse da yake ji da ita, don a bakin iyakarta ne kaɗai ya taɓa samun wata 'yar mitsitsiya mai zane a fiffike, wadda ya duba duk littattafansa bai ga irinta ba. Ya aika wa wani abokin aikinsa na ƙasar waje zanenta, aka ce masa da alama ba a taɓa sa mata suna ba, ya turo ta a gani. Yana shirin turawa ciwo ya kwantar da shi.

A wannan gonar na taɓa ganin fushinsa. Mun iso mun tarar da mai gonar goye da tankin feshi, yana yi wa wake wanka da magani, har da ciyawar bakin iyaka. Baffa ya jefar da raga ya nufe shi.

"Kai, bawan Allah! Wa ya ce ka fesa har nan? Ka san su wa kake kashewa? Masu yi maka gadi kyauta!"

Manomin ya sauke tanki ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, ni wake nake nomawa, ba ƙwari ba. Bara na ji maganarka na rage feshi, tsutsa ta cinye rabi. Kai za ka ciyar mini da yara?"

"Da ka yi haƙuri shekara ta zagayo..."

"Yunwa ba ta san shekara ta zagayo ba."

A keke muna dawowa, da muka kusa gida, Baffa ya ce, "Yana da gaskiya, Malama. Ni ma ina da gaskiya. Abin da ya ɓata lamarin ke nan." Ba a daɗe ba aka yanka gonar filaye. Zuwanmu na ƙarshe mun tarar da katangar bulo da ƙofar ƙarfe a daidai inda yake jera robobi. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce yanzu duk duniya wataƙila a ɗakinsa kawai 'yar mitsitsiyar nan mai zane a fiffike ta rage.

Ba ƙwari kaɗai ya sani ba. Akwai wata gwauruwa a bayan gidanmu mai tuyar ƙosai, wadda ƙwari suka shiga waken da ta ajiye, har ta sayo maganin ƙwari na fiya-fiya za ta yayyafa. Baffa ya ji labari ya je ya karɓe kwalbar. Da hawan jininsa da komai ya yi ta ɗaukar waken yana shanya mata a rana mai zafi, ya nemo jarkoki ya nuna mata yadda za ta cika su dam ta toshe, iska ba ta shiga. Ranar ce kaɗai na ga rigarsa ta fito daga wando bai mayar ba. Matar nan tana cikin waɗanda suka fi kowa kuka ranar rasuwarsa, kuma ita ma na ji ta da kunnena tana cewa Allah ya rufa asiri.

Sifirit yana tsiyayewa ko an toshe kwalba, sai an riƙa ƙarawa, in ba haka ba ƙwarin su bushe su farfashe. Ajiye su a bushe kuma gara da kyankyaso ba sa bari. Wannan ne galan ɗin wata-wata. Yana kulle ɗakin ne saboda abu ne mai kama wuta, gidan kuma cike da jikoki. In ya fito yakan wanke hannu har gwiwar hannu, amma warin yana maƙalewa a gemu da hannun riga. Ni na saba da shi har ba na ji. Ban taɓa kawo wa raina abin da wani hanci zai ji ba.

Tsakaninsa da Baba akwai sanyi, kowa ya sani. Baffa da furfurarsa yana durƙusawa ya gaishe shi, "Yaya, an tashi lafiya?" Baba ya amsa yana kallon littafi. Ba sa cin abinci tare. Lokacin da Baba ya yi ciwon ƙafa ya kasa jan salla a masallacin ƙofar gida, ga ƙaninsa a sahun farko, wanda ya sauke Alƙur'ani tun kafin ya shiga boko, amma sai ya waiga ya kira wani maƙwabci. Baffa ya bi maƙwabcin salla. Duk mun ɗauka tsohuwar rigimar zaure da boko ce.

Da aka share makoki na gaya wa maigidana zan faɗa wa Baba gaskiya. Ya ce, "Ki bari. Tsoho ne, don ƙauna ya yi. In kin faɗa, kwalaben za su dawo?" Goggo, da na warware mata, ta dafe ƙirji ta yi ta salati, sannan ta ce, "Ki rufa mana asiri, kar ki kashe mana shi shi ma." Na ji maganarsu, na bar zancen. Sai wata rana a layinmu na ji wata mata tana yi wa ɗanta saurayi faɗa, tana cewa in bai bar abokan banza ba zai ƙare kamar tsohon nan Zanzaro, da aka kwashe buhun kwalabe a ɗakinsa.

A kabad ɗina na makaranta akwai kwalba ɗaya da Baffa ya ba ni don nuna wa ɗalibai, ƙwarin cikinta irin na wake ne, waɗanda ake samu ko'ina. Na sa ta a jaka na tafi Ƙofar Ran da safe. Na tarar da Baba zaune a kujera a ƙofar ɗakin Inna. Tunda ta shiga takaba kullum yakan zo ya tambayi abin da take buƙata, tana amsawa daga bayan labule. Na gaishe shi, na durƙusa, na buɗe kwalbar.

Warin na isa gare shi ya kawar da kai. Ya dube ni da idanunsa da yanar tsufa ta rufe.

"Har ke?"

"Baba, ba abin sha ba ne. Sifirit ne na asibiti. Ƙwari ake ajiyewa a ciki. Duk kwalaben da kuka zubar, ƙwari ne a ciki, aikinsa ne. Baffa bai taɓa kai shi baki ba, wallahi tallahi."

"Ƙwari," in ji shi. "Na ɗaga kwalaben a haske. Ruwa ne fari, ba komai a ciki."

"Ƙanana ne, Baba. Ga su nan a ƙasa."

Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya juya ta, ya sake juyawa. Na tsiyaya kaɗan a tafin hannunsa. Sifirit ɗin ya bushe, ya bar ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ya shafa da yatsa bai ji komai ba. Na yi ta bayani, na wake, na gero, na mai zane a fiffike da ba a sa wa suna ba, ban san ko yana ji ba.

Can ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, "Tun shekarar da ya dawo na ji warin a jikinsa. Ban gaya wa kowa ba. Na hana shi limanci. Na hana kaina cin abinci da shi. Kowace salla sai na roƙa masa shiriya. Da na tsaya a kan gawarsa, abin da na roƙa masa gafara a kai ke nan. Alhamdu lillahi da bai sani ba. Ya tafi bai san abin da na ɗauke shi ba."

Labule ya motsa. Muryar Inna ta fito a dushe.

"Ya sani, Yaya."

Baba bai juya ba.

"Tun ranar da kuka kira wani ya ja salla ya gane. Na ce ya je ya same ku, ya ce ba zai iya tsayawa gaban wansa yana wanke kansa daga abin da ba a furta ba, kamar yana cewa kun yi masa mummunan zato. Ya ce ranar da kuka tambaye shi zai kama hannunku ya kai ku ɗakin ya nuna muku komai. Har kujera ya ajiye muku a ciki."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya wanke shi a can tunda a nan mun makara. Ni dai ban san addu'ar da zan yi wa Baba ba. Yana zaune, hannunsa a buɗe a kan gwiwa, bai rufe ba, bai kakkaɓe ba. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya dubi inda yake zaton fuskata take.

"To, yanzu wa zan tambaya?"

Daga zaure wani ya yi sallama, irin masu zuwa gaisuwa a makare. Ya sake yi. Baba bai amsa ba.